Gajeruwar Numfashi a Gaban Mutane: Ko Rashin Bangaskiya Ne?

Kafin a shiga wannan magana, bari mai bi da taro ya sa a karanta Littafin Fitowa, sura 5 dukanta, da sura 6 har zuwa aya 13. A karanta sannu sannu, gama zancenmu na yau ya rataya ne bisa kalmomi biyu da ke cikin aya 9.

Ran wata Asabar da la'asar wani saurayi na cikin ikilisiyarmu ya zo wurina. Akawu ne a ofishin wani kamfanin gine-gine, shi ke shirya takardar albashin ma'aikata. Na san shi sarai, gama yana cikin ƙungiyar mawaƙa, ya kan ja baiti har ƙarshe ba tare da ya tsaya shan iska ba. Bayan mun gaisa ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya ce, "Malam, ina da tambaya, amma ina jin nauyin yinta." Na ce ya faɗi.

Ga abin da ya gaya mini. Muddin yana zaune shi kaɗai da lissafinsa, lafiya lau ya ke. Amma da zarar an ce manaja yana kiransa, ko kuwa an juyo gare shi a taron ma'aikata na ran Litinin an ce ya yi bayani, sai ya ji kamar an ɗaure masa ƙirji da igiya. Gabansa ya yi ta faɗuwa, tafin hannunsa ya jiƙe, magana ta tsinke masa a tsakiya, ya shiga haki kamar wanda ya hau dutse da gudu. Wani lokaci har jiri ya kan ɗebe shi. Sau biyu ya je asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka gwada jininsa, aka ce ba a ga kome ba. Da ya kai kukansa wurin wani dattijo, sai dattijon ya ce masa tsoro da bangaskiya ba su kwana ɗaki ɗaya, ya je ya tuba. Ya yi azumi kwana uku. Ran Litinin numfashin ya sarƙe kamar kullum. Ya tafi neman a sauke masa kaya ɗaya, ya komo da biyu: ga ƙuncin ƙirji, ga kuma zaton Allah yana fushi da shi.

Sai can da zai tashi ya fito da ainihin abin da ya kawo shi. Wata biyu ke nan da ya lura an tsallake kuɗin ƙarin aiki na waɗansu leburori cikin takardar albashi. Kuskuren daga sama ya fito, ba kuwa wanda ya gan shi sai shi. Sau uku ya kai bakin ƙofar manaja da takardar a hannu, sau uku ya juya, domin ya san in ya buɗe baki numfashi zai ƙi. Leburorin sun dai ga kuɗinsu bai cika ba, ba su san inda za su tambaya ba.

Tambayarsa ita ce, ko wannan zunubi ne? Ta isa a zauna a kanta, gama masu fama da abin nan suna da yawa a cikinmu, malaman makaranta, da masu jiyya a asibiti, da masu jiran kanti, har da masu wa'azi, galibinsu kuwa ba su taɓa gaya wa kowa ba. Ni kaina na ɗanɗana shi ran da na fara tsayawa gaban dattawa in ba da labarin aikinmu da harshen da ban tashi da shi ba. In mun ce wa saurayin nan i, mun ɗora masa laifi bisa abin da bai zaɓa ba. In kuwa mun ce a'a kurum muka sallame shi, mun manta da leburorin.

Mu koma Masar. Abin da sura 5 ta nuna mana wurin aiki ne, irin wanda ba a yi wa kowa fatansa. Fir'auna ya hana a ba Isra'ilawa ciyawar da a ke cuɗawa da laka domin yin tubali, ya ce su nemo da kansu, amma kada yawan tubalin ya ragu. Duk wanda ya taɓa kwaɓa ƙasar gini ya san nauyin wannan umarni. Da aikin ya kasa cika, aka duki shugabannin aiki na Isra'ilawa. Suka yi ƙarfin hali suka shiga gaban sarki su kai kuka, ya kira su ragwaye, ya kore su. Bayan wannan ne Allah ya ba Musa alkawarai masu girma, na fansa da na ƙasar gado, daga aya 2 zuwa 8 na sura 6. Musa ya kai wa jama'a saƙon. Aya 9 ta gaya mana ba su kasa kunne gare shi ba, ta kuma ba da dalili biyu. Na biyun shi ne tsananin bautar. Na farin shi ne kalmomin nan biyu da na ambata.

Da Ibrananci su ne kotser ruwah. Kotser gajarta ce. Ruwah kuwa 'yar'uwar kalmar nan ce tamu, ruhu, amma ta fi ta faɗi, gama da ita Ibraniyawa ke kiran iskar da ke kaɗa itatuwa, da numfashin da ke hancin mutum, da ruhun da ke cikinsa. Mai juyi ya kan sha wuya a irin wannan wuri, domin tilas ya zaɓi ɗaya, alhali harshen asali ya riƙe dukansu a baki guda. In ya ce karayar zuciya, ya yi daidai. In ya ce ƙuncin rai, bai yi kuskure ba. Amma in an bi kalmomin ɗaya ɗaya, abin da su ke faɗi shi ne gajeruwar numfashi. Rashi, babban malamin nan na Yahudawa wanda ya zauna a Faransa, ya rasu a shekara ta 1105, haka ya fahimci wurin: ya bayyana cewa wanda ke cikin matsi numfashinsa ya kan gajarce, ba ya iya jan dogo. Ba zan ɓoye muku ba, a Karin Magana 14:29 an yi amfani da kusan waɗannan kalmomi ga mai saurin fushi, a can kuwa abin zargi ne. Amma a Fitowa an gama su da bauta mai tsanani, watau abin da aka yi wa mutanen ne ya kai su ga wannan hali.

Yanzu fa a lura da abin da ya biyo baya. Jama'a sun kasa karɓar maganar Allah domin ƙirjinsu ya ƙuntata. Daga aya 10 zuwa 13 ba mu iske tsautawa ko ɗaya a kansu ba. Nan gaba, a cikin jeji, za su yi gunaguni bayan sun ga teku ta rabu da idonsu, a can kuwa za su sha horo. A nan dai sai Allah ya juya ga Musa ya aike shi wurin Fir'auna, wurin wanda ya ɗaure igiyar. Alkawarin bai ragu da kome ba don waɗanda aka yi wa shi sun kasa cewa amin. Haka kuma Daniyel, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya taɓa kwana cikin ramin zakoki, a sura 10 na littafinsa ya gaya wa manzon da aka aiko masa ba zai iya magana da shi ba, domin ba sauran ƙarfi ko numfashi a jikinsa. Amsar da ya samu ita ce, aka taɓa shi, aka ƙarfafa shi, aka tuna masa shi ƙaunatacce ne ƙwarai.

Yana da kyau mu san abin da ke faruwa cikin jiki, gama rashin sani yana ƙara wa tsoro ƙarfi. Mahalicci ya yi mu da tanadi domin ranar hatsari. In mutum ya ga maciji a hanya, tun bai gama tunani ba waɗansu 'yan halittu biyu da ke zaune bisa ƙodarsa sun zuba wani sinadari cikin jini, sunansa adiranalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙara sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wani masani Ba'amurke, Walter Cannon, ya bayyana wannan shiri a shekara ta 1915. Baiwa ce, ta ceci rayuka ba iyaka. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, sun kuwa faɗi gaskiya bisa ga yadda ya kamata abu ya zama. Amma jiki bai iya rarrabe ofis da daji ba. Fuskar shugaba a murtuke, da idanun abokan aiki, da tunanin cewa abincin 'ya'yanka yana hannun mutumin nan, sun isa su tada shirin da aka yi domin maciji.

Babban mutum a zaune ya kan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In fargaba ta kama shi sai ya riƙa jan iska sama sama da ƙirji, da sauri, fiye da bukatar jiki, tun da ya ke ba gudu ya ke yi ba. Ga abin mamaki: yana ji kamar iska ta kasa masa, ashe yawa ta yi. Iskar oksijin tana nan isasshiya cikin jininsa. Wadda ta ragu ita ce ɗayar, kabon dayoksaid, wadda mu ke fitarwa. In ta ragu fiye da kima, hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa su kan tsuke kaɗan, daga nan jiri ke zuwa, da jin kamar kiyashi na yawo a yatsu da gefen baki. Mutum ya ji haka ya ƙara tsorata, ya ƙara jan iska, abin ya ƙara ɓaci. Ga shi kuwa da iska mai fita a ke magana. Wanda ke ta shaƙa bai bar ta ciki ta fita ba, kamar mai ɗura ruwa ne cikin tulun da ya riga ya cika, kowace shaƙa kuma tana datse masa magana. Dalili ke nan da ya sa akawun nan ya ke waƙa lafiya ran Lahadi: waƙa tana sa shi fitar da iska sannu, bisa ma'auni. Tun a shekara ta 1871 wani likita, Jacob Da Costa, ya rubuta labarin sojojin yaƙin basasar Amurka waɗanda ke fama da bugun zuciya da haki, ba a kuwa sami wata ɓarna a zuciyarsu ba. Mazaje ne da suka tsaya gaban bindiga.

Kada dai kowa ya ɗauki wannan bayani ya zama likitan kansa. Asma, da tarin fuka, da ƙarancin jini, da ciwon zuciya, duka suna gajarta numfashi. Wanda ke haki in ya hau bene ko in ya kwanta, ko tarinsa ya wuce mako biyu, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ƙafafunsa na kumbura, asibiti ya kamace shi, ba da jinkiri ba. Saurayin nan ya riga ya je, shi ya sa na iya yi masa magana da gaba gaɗi.

Wani zai ce, to, ashe ba Ubangiji ya hana mu damuwa ba a Matiyu sura 6, Bulus kuma a Filibiyawa 4:6? Gaskiya ne, ba kuwa za mu sassauta abin da aka rubuta ba. Amma mu auna kalmar. Da Helenanci tushenta merimna ne. Cikin wasiƙar nan ta Filibiyawa, a 2:20, da wannan kalma Bulus ya yabi Timoti saboda yadda ya damu da lafiyar ikilisiya. A 2 Korantiyawa 11:28 kuma da ita ya faɗi nauyin ikilisiyoyi da ke danne shi kowace rana. Abin da aka hana shi ne damuwar da mutum ke kiwo, yana juya zancen abincin gobe a ransa dare da rana sai ka ce ba shi da Uba. Bugun zuciyar da ke riga tunani zuwa wani abu ne dabam. Ayar Filibiyawa ma, in an karanta ta har ƙarshe, hanya ta ke nuna wa mai damuwa, inda zai kai kayansa. Abin baƙin ciki ne mu kan mai da ita bulala.

Shi Bulus ɗin fa? Ya shaida wa Korantiyawa da bakinsa, a sura 2 ta wasiƙar fari, cewa da rashin ƙarfi da tsoro da rawar jiki mai yawa ya zauna a cikinsu. Masu kushe shi sun ce wasiƙunsa suna da nauyi, amma in ya zo da kansa maganarsa ba ta cika kunne. Duk da haka Ayyukan Manzanni 18 ta gaya mana ya yi shekara ɗaya da wata shida a birnin yana koyarwa, bayan Ubangiji ya ce masa cikin wahayi ya ci gaba da magana, kada ya yi shiru. Mu ɗaga ido kuma ga wanda ya fi Bulus. A Getsamani, Markus ya nuna mana Yesu cikin razana da matsanancin baƙin ciki, Luka kuma ya ambaci gumin da ya zubo masa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta tabbatar an jarrabe shi ta kowace hanya kamarmu, bai kuwa yi zunubi ba. In da tashin hankalin jiki zunubi ne, me za mu ce da daren nan? Domin wannan na ce wa saurayin, dattijon ya yi masa nufin alheri, amma ya saɓa. Sarƙewar numfashi ba shari'a ba ce a kan bangaskiyar kowa.

Amma maganar ba ta ƙare nan ba, gama akwai leburori. A Fitowa sura 4 Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa da na harshensa. Allah bai yi fushi da wannan ba. Ya tuna masa wanda ya yi bakin mutum, ya yi masa alkawari zai kasance tare da bakinsa. Sai a aya 13 Musa ya roƙa a aiki wani dabam, a aya 14 kuwa fushin Ubangiji ya yi ƙuna. A dubi inda iyakar ta ke. Faɗin rashin ƙarfi bai jawo fushi ba, neman a janye daga aiken ne ya jawo shi. Ko a cikin fushin ma sai aka ba shi Haruna. Hakanan mu ma. Ba a tambayarmu dalilin da ƙirjinmu ya matse. Amma akwai maganar da ta zama bashi a wuyanmu, wadda in mun riƙe ta wani zai cutu: mai jiyya da ta ga an rubuta magani fiye da kima, direba da ya san birkin mota ya lalace, akawu da ya ga an tsallake hakkin lebura. Littafin Firistoci 19:13 da Yakubu 5:4 suna da magana mai zafi bisa ladan ma'aikaci da aka riƙe. A nan ne laifi ke iya shigowa, ta ƙofar shiru. Na gaya wa saurayin haka, ban rage kome ba, ya kuwa karɓa da sauƙi fiye da yadda na zata. Ina tsammani ya riga ya sani, so ya ke a raba masa abin da ke nasa da abin da ba nasa ba.

Gudun ma ba ya warkarwa. Duk sa'ad da mutum ya juya daga bakin ƙofa ya kan ji sanyi a ransa nan take, jiki kuwa ya koyi cewa lalle akwai maciji a ciki, gobe sai tsoron ya fi na yau. Masana lafiyar tunani sun tabbatar da wannan, shi ya sa su kan bi da mai fama da shi ya fuskanci abin tsoron kaɗan kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wanda abin ya yi masa yawa har yana neman barin aiki, ya nemi taimakonsu. Ba abin kunya ba ne ga mai bi, kamar yadda ɗorin karaya ba abin kunya ba ne.

Wanda ya fi koya mana yadda a ke yi shi ne Nehemiya, gama labarinsa a wurin aiki ya faru. Mai shayarwa ne na sarki Artashate a Shushan, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai buɗe baki gaban sarki ba sai a watan Nisan, watau kamar wata huɗu. Ran da sarki ya lura da fuskarsa ya tambaye shi, Nehemiya ya rubuta da hannunsa cewa ya tsorata ƙwarai. Sarki ya sāke tambayar abin da ya ke so. Tsakanin tambayar da amsar, aya 4 ta sura 2 ta ce ya yi addu'a ga Allah na Sama. Ina yawan tunanin tsawon addu'ar nan. Sarki yana dubansa, sarauniya tana zaune a gefe, ba halin durƙusawa ko rufe ido. Ba za ta wuce numfashi ɗaya ba. Sa'an nan ku duba abin da ya fito daga bakinsa: ya san lokacin da zai yanka wa sarki, ya san yana bukatar wasiƙu zuwa ga hakiman hayin Kogi, ya san sunan mai tsaron kurmin sarki, Asaf, wanda zai ba shi katako. Ashe wata huɗun nan bai yi su a banza ba. Waɗansu su kan fake da alkawarin Matiyu 10:19 su ƙi shiri, amma wannan alkawari domin waɗanda aka ja gaban mahukunta ne saboda sunan Yesu, ba a yi shi domin ya ɗauke wa akawu duba lissafinsa ba.

Daga nan muka ɗauki abin da saurayin zai yi. Ya rubuta maganarsa a takarda, ya haddace jimlar fari kaɗai, ta zama gajeriya. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa ya fitar da iskar da ke ƙirjinsa sannu ta baki, kamar mai hura koko mai zafi, ya saki kafaɗunsa, sa'an nan ya bar sabuwa ta shigo ta hanci har cikinsa ya ɗaga. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo, gama doguwar fitarwa tana rage saurin zuciya. Ya koyi wannan a gida kowace rana, tun hankalinsa yana kwance, domin ran wanka ba a neman soso. In an yi masa tambaya, ya yarda wa kansa da ɗan shiru irin na Nehemiya kafin ya amsa. Shirun da mai tsoro ke ji kamar shekara, a kunnen mai sauraro natsuwa ce. Ya rage goro da kofi da safe, domin sinadarin da ke cikinsu yana ƙara bugun zuciya. In kuma numfashin ya ƙi duk da haka, ya faɗi gaskiya, ya nemi a ba shi minti ɗaya. Yawancin wahalar daga ƙoƙarin ɓoyewa ta ke fitowa. Addu'arsa ma na ce ya sāke ta. Maimakon ya yi ta roƙo kada numfashin ya sarƙe, ya roƙa a ba shi ikon gama maganar ko da ya sarƙe.

Saura wani gefe wanda mu kan tsallake, shi ne na mai sauraro. Cikin masu karanta wannan akwai shugabannin makaranta, da manyan ma'aikata, da matan da ke da 'yan aiki a gida, da dattawan ikilisiya. Sa'ad da Yahudawan Iskandariya suka juya Attaura zuwa Helenanci, wajen ƙarni na uku kafin Almasihu, kalmar da suka sa a Fitowa 6:9 ita ce oligofsukiya, watau ƙanƙantar rai. Daga wannan tushe ne Bulus ya ɗauko sunan da ya kira waɗansu 'yan'uwa da shi a 1 Tasalonikawa 5:14. A ayar nan ya raba mutane kashi kashi, kowa da abin da ya dace da shi. Masu zaman banza a gargaɗe su. Masu ƙanƙantar rai kuwa a ƙarfafa su. Fir'auna ya dubi mutanen da numfashinsu ya ƙare ya kira su ragwaye, watau ya ba kashi na biyu abin da ke na kashi na fari. Duk shugaban da ya ga yaronsa yana in'ina a gabansa ya daka masa tsawa ya yi sauri, ko ya mai da shi abin dariya a taro, sawun Fir'auna ya ke bi ko da yana zuwa sujada. Afisawa 6:9 ta umarci iyayengiji su bar tsoratarwa, ta tuna musu suna da Ubangiji a Sama. Abin da a ke bukata kaɗan ne. A ce wa mutum ya zauna. A kawar da ido daga fuskarsa zuwa takardar. Kada a ƙarasa masa maganarsa. Shugaban da mutanensa ba su iya numfashi a gabansa, shi ne na ƙarshe da zai ji labarin ɓarnar da ke cikin aikinsa.

Bayan mako biyu saurayin ya komo. Ya ce ya shiga da takardar, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai kuskure cikin albashin leburori." Daga nan numfashin ya ɗauke sarai, kamar yadda ya ji tsoro. Ya ɗora takardar bisa tebur, ya sa yatsa a wurin, ya tsaya yana fitar da iska. Manajan bai ji daɗi ba, ya tambaye shi da faɗa dalilin da ya sa bai faɗi tun wata biyu ba. Ya amsa ya ce tsoro ne. An biya leburorin kuɗin wata ɗaya a ƙarshen watan, na ɗayan kuwa sai da ya koma ofishin har sau biyu yana tuni. Na tambaye shi taron ran Litinin fa? Ya ce igiyar tana nan, amma a taron da ya wuce ya karanta lissafinsa har ƙasa, ya tsaya sau uku a hanya, ba wanda ya ce masa kome.